Tayoyin Aro a Rumfar Tambaya

Duk wanda ya san tashar motar ƙauyen su Mudassiru, can bayan Bunkure, ya san rumfar Tambaya mai faci. Duk wanda ya san rumfar kuma ya san abin da ke lulluɓe da tamfol a kusurwarta. Tayoyi ne guda huɗu, sababbi fil, kowace a kan rim ɗinta, baƙaƙe wuluk, zanensu har yatsa yana shiga. Direbobi suna ce musu kayan Sallah. Shekara uku da suka wuce 'yan tasha suka haɗa hannu suka saye su, ba don a hau su a yi aiki ba, a'a, don a je da su birni wurin duba lafiyar motoci. Ranar da takardar motarka ta ƙare, sai ka biya ta rumfar Tambaya da safe, ya ɗaga motar a jak, ya kwance suɗaɗɗun tayoyinka ya ɗaura maka kayan Sallah. Ka je birni a duba, a yaba, a buga maka hatimi. Kafin la'asar ka dawo, a wanke su tas a mayar ƙarƙashin tamfol, kai kuma ka koma kan tsummokaranka. Motocin tashar duk iri ɗaya ne, tsofaffin Golf masu dogon baya, don haka taya ɗaya tana shiga kowace. Mota goma sha ɗaya, taya huɗu. Kuma wallahi babu wanda yake ganin abin kunya ne, dabara suke ce masa.

Mudassiru ma ba waliyyi ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Sau biyu ya sa kayan Sallah ya je birni ya dawo yana dariya. Shekara bakwai ke nan yana jan motar Baffa Datti, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe su tun da uban ya rasu. Aikinsa a lokacin rani sananne ne. Da an idar da sallar asuba zai ɗebi mata masu tsinkar tumatir, su tara, wata rana goma, ya bi da su kan hanyar bakin kanal zuwa gonakin da ke can ƙasa, tafiyar kilomita shida. Ya dawo ya yi jigilar fasinja zuwa Kura, da yamma ya koma ya ɗauko su. Shugabar matan nan kuwa, wadda take tara su take sama musu aiki wurin masu gona, ita ce Iya Barira, mahaifiyarsa. Ya yi faɗan, ya yi lallashin, a kan ta zauna a gida ta huta, ta ce zama ne yake sa mata ciwon gwiwa. Kullum ita ce a kujerar gaba, da ƙullin goronta a bakin zane.

Ita hanyar bakin kanal sai wanda ya bi ta. Tudu ne na jar ƙasa, faɗin mota ɗaya cif. A hannun dama ruwan kanal ne da ya taso tun daga Tiga, mai zurfi, mai ja, bangonsa na siminti da gansakuka, ko namiji mai iyo sai ya yi da gaske yake fita. A hannun hagu kuma gangare ne zuwa fadamar shinkafa. Manoma suna shimfiɗa tiyon injinansu su tsallaka hanyar, tiyo kuwa ba ya rasa huji, don haka ko a tsakiyar rani akwai wuraren da laka ba ta bushewa.

Tayoyin motar Baffa Datti sun daɗe da mutuwa, jana'iza ce kawai ba a yi musu ba. Na baya biyun sun yi sanƙo, sumul kamar gindin tukunya, ɗaya har waya ta fara leƙowa a gefe. Ta gaba ta hagu ta fashe mako biyar da suka wuce, fashewar da Tambaya ya duba ya ce ko shi da ya shekara ashirin yana faci ba ya ta da matacce. Sai aka ciro safaya daga but aka ɗaura. Safayar kuwa irin siririyar nan ce da take zuwa da motar, 'yar tsurut, mai ɗan tambari rawaya da aka rubuta tamanin a jiki, wato iyakar gudun da za a yi da ita. An ce a lallaɓa da ita kwana biyu kafin a sayi wata. Kwana biyun ne har yau ba su cika ba.

Ranar wata Talata abin ya faru. Suna tafe da safe, mata tara a ciki da kwanduna a but, suka iso inda tiyon wani manomi ya kwana yana yoyo. Mudassiru bai yi gudu ba, Allah shaida ne. Ya ɗan taɓa birki kawai, sai ya ji bayan motar ya ƙwace masa, ya sulale dama a hankali, shi kuwa sitiyari a hannunsa ya zama abin wasa. Mata suka ɗau salati. Da motar ta tsaya ya buɗe ƙofa ya zagaya, sai ya ga tayar baya ta dama rabinta a kan ƙasa, rabinta a kan iska, ruwa yana wucewa a ƙarƙashinta. Ɗaya bayan ɗaya ya fitar da su ta ƙofar hagu. Manoma suka zo aka tura motar ta hau hanya. Kowa yana ta surutu, ban da Iya Barira, wadda ta gyara mayafinta ta koma kujerarta ta ce a tafi rana tana yi. Amma da zai sa giya ya ga ta damƙe marikin ƙofa da hannu biyu, ba ta saki ba har gona. Abin nan ya tsaya masa a rai, ya hana shi cin abinci ranar.

Da yamma ya sami Baffa Datti a ƙofar gida ya durƙusa ya faɗa masa komai.

"To, alhamdu lillahi, Allah ya tsare," in ji Baffa. "Sai ka riƙa kula."

"Baffa, ba kula ba ce. Taya ce babu."

"Na ji. A bari a gama kwashe tumatir."

"Bara ma haka ka ce, Baffa."

Baffa Datti ya ɗago ya dube shi. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya, amma irin mutanen nan ne da in abu bai faɗo a kansu ba to bai faru ba. "Kai Mudassiru, tun kana tsumman goyo nake harkar mota. Taya ba ta kashe mutum, kwana ne yake ƙarewa. Jibi Alhamis takardar motar nan za ta ƙare. Ka biya wurin Tambaya ya sa maka kayan Sallah, ka je ka karɓo sabuwa. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Amma a hanyarsa ta komawa gida wani tunani ya shige shi ya ƙi fita. In ya sa tayoyin aro aka buga masa hatimi, to ya sayo wa waɗannan matattun tayoyin shekara guda cur ke nan, da hannunsa. Shekara guda Iya tana kujerar gaba, a gefen da ruwa yake.

Ranar Alhamis ya kai mata gona, tafiyar hawainiya, ya dawo ya tsaya a gaban rumfar Tambaya. Tambaya ya riga ya yaye tamfol, ya gangaro da tayoyin waje, jak da sifana suna hannunsa.

"Angon birni! Matso da ita nan, yau amaryarka za ta sha kwalliya."

Mudassiru bai kashe mota ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Mayar da su, Malam Tambaya. A haka zan je."

"A haka ina?"

"Birni."

Tambaya ya ajiye jak ya zagaya motar, ya dubi sanƙon tayoyin, ya dubi 'yar safayar, ya dawo ya dubi direban. "Kai, ko ka sha wani abu ne da safen nan? Da wannan ƙafar sauron za ka shiga gaban masu duba mota? Ai ko makaho aka sa a ƙofar, da ya shafa zai koro ka."

"Shi nake so."

"La ilaha illallahu. Baffanka ya sani?"

"Zai sani."

"To ni dai ba ruwana, kada a ce da bakina. Kai ɗan nan, taurin kan nan naka na gidanku ne, wallahi ubanka ma haka yake." Yana faɗa yana laluben waya a aljihu, Mudassiru kuwa ya riga ya ja mota.

Kafin ya kai Kura wayarsa ta yi ƙara sau shida. Duk Baffa ne. Ya juya ta ya kife a kan kujera. Tun da yake bai taɓa ƙin ɗaga kiran Baffa ba sai yau. Ya hau babban titi ya kama gefe, yana tafiya a hankali saboda 'yar safayar, manyan motoci suna wuce shi suna masa hon, wani kwandasta har da leƙowa ya tambaye shi ko gawa ya ɗauko. 

A wurin duba motocin ya bi layi har aka zo kansa. Wanda ya karɓe shi wani dattijo ne mai furfura a gemu, siriri, sunansa a rubuce a ƙirjin rigarsa, Maharazu. Ya karɓi tsohuwar takardar ya karanta sunan ƙauyen, ya ɗago gira.

"Daga tashar nan kake? Ikon Allah. Ai ku 'yan tashar nan kullum da sababbin tayoyi kuke zuwar mana, har ina cewa ko masana'anta gare ku a garin."

Mudassiru ya gane inda maganar ta dosa, ya ƙi bin ta. Bai zo tona asirin kowa ba. Ya ce, "Yallaɓai, ni dai tawa na kawo."

Malam Maharazu ya sa aka kunna fitilu, aka taka birki, aka gwada hon, duk lafiya. Sannan ya tsuguna a gaban tayar baya. Ya fito da wani ɗan ƙarfen awo mai tsini zai zura a cikin zanen tayar, ya nemi zanen ya rasa. Ya shafa ta da tafin hannu, wayar da ta leƙo ta karce shi, ya janye hannun ya duba.

"Malam, mutane kake ɗauka a wannan?"

"Mata tara, kullum. A bakin kanal."

Dattijon ya yafuto shi. Ya nuna masa gefen tayar da yatsa. "Ka ga lambobin nan huɗu? Mako da shekarar da aka yi ta ke nan. Wannan ta girmi wasu 'ya'yanka, in kana da su. Kuma kowace taya tana da 'yan tudu a cikin zanenta, in ta cinye ta kai kansu to ta gama aiki. Taka ta cinye zanen, ta cinye tudun, ta shiga cin waya." Ya miƙe ya zagaya gaba, ya tsaya a kan safayar, ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. "Wannan kuma fa? Yaushe aka ɗaura ta?"

"Mako biyar."

"Mako biyar! Wannan an yi ta ne don ta kai ka wurin mai faci, daga nan ta koma but. In na buɗe but na gan ta a kwance da iskarta, ba ni da magana. Amma in mota ta shigo mini tana tafiya a kanta, ba ta wuce ba, ko da sauran ukun jiya aka saye su. Balle waɗannan." Ya dube shi sosai. "Kai direba ne, ka san duk wannan. Me ya kawo ka a haka?"

"Ina so ka rubuta, Yallaɓai. Ka rubuta duk yadda ka gani, kada ka rage komai. Mai motar ba ya jin maganata, wataƙila ya ji ta takarda."

Malam Maharazu ya jingina takarda a kan motar ya rubuta, ya buga jan hatimi. Ya ce a canja taya huɗu a dawo. Ya ce daga nan gida kawai, kada ya ɗauki ko mutum ɗaya a hanya. Da zai miƙa masa takardar ya ƙara da cewa, "Allah ya sa mai motar ya iya karatu."

Baffa Datti ya iya karatu sarai. A tasha Mudassiru ya same shi, zaune a kan bencin Tambaya, direbobi sun kewaye shi, kowa ya bar abin da yake yi. Ya durƙusa ya miƙa takardar da hannu biyu. Baffa ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu.

"Wato ni za ka kai ƙara wurin hukuma."

"Ba ƙara na kai ba, Baffa. Mota na kai aka duba."

"Na ce ka sa kayan Sallah, ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"Ka sa?"

"Ban sa ba. Kuma ba zan sa ba. Wallahi Baffa, ko yanzu ka ce in koma da su ba zan koma ba. Ranar Talata da idona na ga tayar nan a kan ruwa, Iya tana ciki."

 Wani daga baya ya ce, "Kai, yaro, Baffanka ne fa." Wani kuma ya ce ai wannan tonon silili ne, yanzu ya ja musu ido, duk wanda ya je da kayan Sallah sai an ƙare masa kallo. Baffa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don a gaban mutane aka yi masa.

"Ni na riƙe ka, ni na koya maka tuƙi, yau kai ne mai koya mini tsoron Allah. To madalla. Kawo makullin."

Mudassiru ya san za a zo nan, amma da ya zaro makullin daga aljihu sai da ya ji kamar an zare masa wani abu a ciki. Shekara bakwai. Ya ajiye shi a tafin hannun Baffa. Baffa ya waiwaya ya miƙa wa Jamaluddeen, wani direba sa'an Mudassiru da ya daɗe ba shi da mota, wanda duk tashar ta san ƙafarsa ba ta san birki ba.

"Gobe ka kai mata gona. Hanyar kanal babu mai tambayar takarda. Mako mai zuwa ka sa kayan Sallah ka je ka karɓo mini ita."

Ka ji fa. Duk wahalar da ya sha, da tafiyar birni, da jan hatimin, abin da suka haifar ke nan, mota ɗaya, tayoyi ɗaya, sai dai an cire mai lallaɓa ta an sa mahaukaci.

Da magariba ya shiga wurin Iya Barira. Labari ya riga shi isa. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Auta, wa ya aike ka?"

"Iya, kada ki shiga motar nan gobe. Ke da sauran duka."

"Mu tashi sama ke nan? Tumatir ya nuna a gonar mutane, in ba a tsinke shi gobe ba jibi ya ruɓe. Matan nan kowace da bakin da take ciyarwa. Ni na yi wa mai gona alkawari, kuma ban taɓa saɓawa ba."

"Jamaluddeen ne zai ja."

"Ko shaiɗan ne zai ja, Allah yana nan. Kai ka zubar da abincinka a ƙasa, ka ɓata wa Baffanka rai a bainar jama'a, yanzu kuma ka zo ka zubar da namu? Tashi ka je wurin matarka, ka ishe ni."

Ya fita ransa a jagule. Haushin Baffa yake ji, da na tasha, da na Iya ma kanta, har da na kansa, don shi ya miƙa makullin da hannunsa.

Washegari da aka idar da asuba matan suka taru a inda suka saba. Jamaluddeen ya iso da motar yana taka mai tana kuka, ya sha kwana har 'yar safayar tana ƙara. Suka shiga, Iya Barira a gaba. Ya ja su suka fita daga gari, suka gangara ta wurin 'yar gadar da hanyar kanal ta fara. Yana hawa tudun ya taka birki da ƙarfi, don mutum ne a tsaye a tsakiyar hanya, ya juya musu baya, da gorar ruwa a rataye a kafaɗa.

Jamaluddeen ya danna hon. Mudassiru bai waiwayo ba. Sai kawai ya fara tafiya, a tsakiyar hanyar cif, taku ɗaya bayan ɗaya, irin tafiyar mai zuwa gona ba ya sauri.

"Kai Mudassiru! Matsa mana!"

Mudassiru ya ci gaba da tafiyarsa.

"Wallahi zan take ka!"

"Bismillah," in ji Mudassiru, bai ko juyo ba.

To ina zai bi? Dama ruwa, hagu gangare. Jamaluddeen ya matso har bamba ta taɓa bayan ƙafar Mudassiru, ya danna hon ya riƙe. Matan suka yi masa ca, wata ta ce in ya taka ɗan mutane ita ce shaida. Dole ya ɗaga ƙafa. Motar ta bi bayan mutum tana rarrafe a giya ta ɗaya, direban yana zagi, yana dukan sitiyari, yana kiran Baffa a waya.

Gari ya waye sosai. Manoma da ke buɗe ruwa a kwalbatoci suka miƙe suna kallo, wasu suna dariya, wani ya ɗaga murya ya tambaya ko motar ce aka ɗaura wa Mudassiru ya ja. Masu babur suna raɓawa ta gefe su wuce suna waiwaye. Shi dai tafiya yake. Kunya tana cinsa, ba ƙarya, mutum da iyalinsa ya zama abin kallo a bakin kanal, amma ko taku ɗaya bai kauce ba.

Sun yi kamar kilomita biyu sai ga Baffa Datti a kan babur, ko hula bai tsaya sawa ba. Ya raɓa motar da ƙyar ya zo daidai Mudassiru, yana tafiya yana jan ƙafa a ƙasa.

"Kai, wane irin iskanci ne wannan? Fita daga hanya!"

"Ina kwana, Baffa."

"Na ce ka fita daga hanya!"

"Baffa, motarka ce, ka karɓi makullinka, ban ce komai ba. Hanya kuwa ba ta kowa ba ce. Tafiyata nake."

"So kake ka mayar da ni abin dariya a garin nan?"

"A'a. So nake su isa."

"Har yaushe za ka yi wannan haukan?"

"Da yamma ma ina nan, in za a dawo da su. Gobe ma. Ai yanzu ba ni da aikin yi, Baffa, kai ka sallame ni. Ranar da ka sa mata taya huɗu nata na kanta, ka ga na kauce."

Baffa ya waiwaya. Ya dubi manoman da suka tsaya da fartanya a hannu suna saurare. Ya juya wurin motar ya ce, "Barira, ba za ki yi wa ɗanki magana ba?"

Iya Barira ta ce wa Jamaluddeen ya tsaya. Ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali, tana dafa gwiwa, ta bi ta ɗan siririn wurin da ya rage tsakanin mota da ruwa. Mudassiru ya ji saukowarta. Duk duniya ita kaɗai ce in ta ce ya kauce bai san yadda zai yi ba. Ya ci gaba da tafiya, idonsa a gaba, yana jin takunta tana matsowa.

Ta iso daidai kafaɗarsa. Ta dube shi sama da ƙasa, ƙafafunsa sun yi buɗu-buɗu da laka, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ka karya kuwa?"

"A'a, Iya."

"Ɗan banza mai taurin kai." Ta kwance bakin zanenta ta ɓallo goro ta tura masa a hannu. Sannan ta waiwaya wurin Baffa ta ce, "Alhaji, ni na gaji da zaman motar, gwiwata ta riƙe. Zan taka."

Ba ta koma ba. Ta gyara mayafi ta jera da shi a tsakiyar hanya. Can sai aka ji ƙofofin baya suna buɗewa, matan suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna mita, suna cewa yau sun ga ta kansu, rana za ta yi musu a hanya. Amma suka zagayo gaba suka bi bayan Iya, har hanyar ta cika da su daga bakin ruwa zuwa bakin gangare. Aka bar Jamaluddeen shi kaɗai da kwanduna, ba gaba ba baya, don babu wurin juyawa sai an kai gona. Baffa Datti ya kashe babur ɗinsa ya tsaya a gefe, motarsa ta wuce shi tana bin mata a hankali, ya bi tayoyin bayan da kallo.

Saura kilomita huɗu. Mudassiru ya ji numfashin Iya ya fara nauyi, ya ga tana ɗingisa ƙafar hagu, hawaye suka cika masa ido, ya kau da kai don kada ta gani.

"Auta," in ji ta, "rage sauri mana. Ni ba sa'arka ba ce."

Ya rage. Matan da ke baya suka rage. Motar ma ta rage.